Yadda ake yi wa ƙarfe rigar walda mai jure tsatsa da gurzar yashi

A ƙarshen wata damina wani dattijo mai haɗa takin zamani daga wajen Dakace a Zariya ya sauke mini fukafukan injin gaurayarsa guda huɗu a ƙofar shago. Wata biyar kafin nan ni da hannuna na lulluɓe su da sandar walda mai tauri, irin wadda fayil ba ya kamawa. Ya ɗauki guda ya ƙwanƙwasa da makullin babur ɗinsa, sai ga rigar ta ɓanɓaro kamar ɓawon dafaffen rogo, ƙarƙashinta jawur da tsatsa. Ya ce, "Malam, ba kai ka ce mini wannan ya fi ƙarfin fayil ba?" Na ce, "Ya fi, Alhaji." Ya ce, "To ga shi bai fi ƙarfin taki ba."

Na sake masa aikin ban karɓi ko sisi ba, kuma abin ya daɗe yana damuna, domin kuɗin bawan Allah da lokacinsa ne suka salwanta. Daga ranar na gane cewa tauri daban, jure tsatsa daban, kuma mai son ya haɗa su a kan ƙarfe ɗaya dole ya bi tsari. Tsarin nan ne zan shimfiɗa, don 'yan'uwana masu walda na Sabon Gari da Tudun Wada da Kwangila da Samaru, da masu kawo mana aiki, su san abin da za su tambaya kafin su biya.

Da fari, me ke kare ƙarfe daga tsatsa?

Ƙarfen da muke aiki da shi kullum, in ya haɗu da laima da iska, tsatsarsa ba ta tsayawa. Tana kumbura, ta fashe, ta buɗe sabon wuri. Sitenles kuwa yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Da zarar kuromiyam ya shaƙi iska sai ya yi wata 'yar fata siririya da ido ba ya gani, ta rufe fuskar ƙarfen, in an karce ta kuma ta sake tofowa da kanta. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya fito da irin wannan ƙarfe a birnin Shefil na Ingila a 1913. Tunda sitenles na da tsada, ba kowa ke iya yin inji sukutum da shi ba, sai a yi jikin da ƙarfe na yau da kullum a yi wa fuskar da ke shan wahala riga.

In wurin ban da ruwa akwai yashi ko tsakuwa ko ƙwayar taki masu gurza, sitenles kaɗai ba ya isa, yana da taushi. Nan ake kawo rigar haɗi. Ka ɗauke ta kamar kankare: akwai tsakuwa, akwai siminti. Tsakuwar ita ce ƙwayoyin kabayid masu tsananin tauri, na kuromiyam ko na tongistin. Simintin shi ne ƙarfen da ke riƙe su, ko dai baƙin ƙarfe ko nikel ko kobal. Kada a rikita wannan kabayid da farin dutsen nan da masu gyaran jikin mota ke jefawa a ruwa su sami gas, suna ne kawai ya zo ɗaya. Tsatsa ba ta cika damun tsakuwar ba, simintin take ci. In ta cinye shi ƙwayoyin su zube ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran da dasashinsu ya ruɓe.

Mataki na farko: ka tambayi mai aiki, ka tambayi ƙarfen

Kafin ka kunna inji ka zaunar da mai kayan. Me ke taɓa wannan wuri? Ruwan rijiyar burtsatse ne, ko ruwan kogin Galma mai laka da yashi da masu noman rani ke ja, ko taki, ko gishirin masu jima, ko dusa mai laima? Ana dukansa, ko gurza ce kawai? Amsar ita ke zaɓar sanda. Taki musamman mugu ne. Yawancin takin NPK na ɗauke da gishirin fotash mai kulorayid, yuriya kuma tana janyo laima daga iska. A Zariya, inda ruwan shekara ke kai wa wajen milimita 1,000 kuma mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, injin da aka bar taki a cikinsa kwana uku a watan Agusta kamar an jiƙa shi ne a ruwan gishiri.

Sannan ƙarfen kansa. Ka ɗora giranda ka kalli tartsatsi. Dogayen tartsatsi masu ƙarancin reshe, ƙarfe ne mai ƙarancin kabon, ba shi da rigima. In suna fashewa kamar taurari da yawa, kabon ɗinsa ya yi sama, irin na shaf da sifirin, zai buƙaci ɗumi kafin walda. Gajerun tartsatsi jajaye, ƙarfen zubi ne da muke ce wa kas, shi hanyarsa daban ce, ba ya cikin wannan bayani. In ka sa mayen ƙarfe bai kama ba kuma ƙarfen daga injin fasa dutse ya fito, wataƙila mai manganis ne, wannan ba a ɗumama shi sam, kuma ba a barin zafinsa ya wuce digiri 260 na ma'aunin Selshiyas. Mu da muke yawan saye daga hannun 'yan gwangwan, wannan gwaji na minti biyu ya zama wajibi.

In bututu ne ko faranti mai rufin galbanayiz, a gurje rufin tas daga inda za a yi walda, hayaƙinsa na sa zazzaɓi kuma yana ɓata waldar. Tanki ko duro da ya taɓa ɗaukar fetur ko gas ko tina, kar ka kusance shi da wuta don an ce an wanke.

Mataki na biyu: zaɓen sanda

A nan ne ake asarar kuɗi, don haka zan daɗe.

Lokacin da kake walda, ba sandar kaɗai ke narkewa ba. Fuskar ƙarfen ma na narkewa ta gauraya da ita, kamar yadda ake sirka ruwan zafi da na sanyi. A waldar sanda ta hannu, abin da ke shiga layin farko daga ƙarfen ƙasa yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, in wuta ta yi yawa ya zarce haka. Wannan sirki shi ne babban abokin gabar rigar.

Ga lissafin. Sandar sitenles mai lamba E308L tana da kuromiyam wajen kashi 19 da nikel wajen 10. In ka ɗora ta kai tsaye a kan baƙin ƙarfe aka sami sirkin kashi 30, kuromiyam ya sauko wajen 13, nikel wajen 7. Layin da ya fito ba cikakken sitenles ba ne, yana iya yin tauri mai gautsi ya tsage, kuma tazarar da ke tsakaninsa da iyakar 10.5 ta ƙanƙance. In yaronka ya ƙara wuta sirkin ya kai kashi 45, ka iso bakin iyakar. Ka biya kuɗin sitenles ka sami abin da zai yi tsatsa.

Shi ya sa aka yi E309L. Ita kuromiyam ɗinta wajen 23 ne, nikel wajen 13. An cika mata ne da gangan don ta sha sirki. Da sirkin kashi 25 za ta bar maka kuromiyam wajen 17 da nikel kusan 10, wato kusan irin sitenles ɗin da ake tukwane da shi. Don haka hawa na farko a kan baƙin ƙarfe, 309L ce, ba na sauya wannan ko mai kaya ya yi ƙorafin tsada.

Hawa na biyu shi ke fuskantar duniya. In ruwa ne mai daɗi kawai, 308L ta wadatar. In akwai gishiri ko taki, a sa E316L, domin tana da molibdinam kashi 2 zuwa 3, shi ne ke rage irin cin nan na ƙananan ramuka masu kama da zanzana da kulorayid ke yi wa sitenles. Harafin L da ke ƙarshen lambar na nufin kabon kaɗan ne, bai wuce kashi 0.04 ba, kuma za ka ga amfaninsa in mun zo maganar zafi. Lambar da ke biye, 16 ko 17, na nuna sandar za ta yi aiki da tsohuwar taransifoma mai wutar AC da kuma injin DC. Mai 15 sai DC kawai. Ka duba lambar a jikin kowace sanda kusa da gindinta, kada ka tsaya ga kwali.

In kuma akwai gurza, sai a zo ga rigar haɗi a matsayin hawa na sama. Wadda ta fi samuwa ita ce mai kabayid ɗin kuromiyam, taurinta kan kai 55 zuwa 62 a ma'aunin taurin ƙarfe na HRC. Kwalinta zai nuna maka kuromiyam mai yawa, har ka ɗauka ta fi sitenles jure tsatsa. Ba haka ba ne. Kabon ɗin da ke cikinta ya kama kaso mai yawa na kuromiyam ya ɗaure shi a cikin ƙwayoyin, wanda ya rage a cikin simintin bai kai yadda kake zato ba. Na biyu, wannan riga tana tsagewa da kanta yayin da take hucewa, ƙananan tsagu a gicciye, har za ka ji tana ƙas-ƙas. A busasshen aiki kamar bakin garma ko haƙorin katafila wannan ba aibi ba ne, haka aka yi ta. Amma a jiƙaƙƙen wuri kowace tsaga hanya ce da ruwa zai bi ya isa ƙarfen ƙasa. Abin da ya faru da fukafukan dattijon Dakace ke nan: ruwan taki ya bi tsagu, ya ci ƙasa, tsatsa ta kumbura ta ɗago rigar. Da na shimfiɗa 309L a ƙarƙashi, da tsagar ta iso ta tarar da ƙarfe mai danƙo da ba ya tsatsa, ta tsaya nan.

Wadda ta fi ta a wurin da gurza da tsatsa suka haɗu ita ce mai ƙwayoyin tongistin kabayid a cikin simintin nikel da kuromiyam. Tana da tsada ƙwarai, sau da yawa sai an yi odarta daga Kano ko Kaduna ko Legas. A kula, akwai mai ƙwayoyin tongistin a cikin bututun baƙin ƙarfe, ita simintinta na tsatsa kamar kowane ƙarfe, ta busasshen aiki ce. Akwai kuma ta kobal irin Stellite 6 da ake sa wa bakin bawul, mai kyau ce amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin ayyukan da ake kawo mana.

Duk sandar da ka saya, ka tsare ta daga laima. Da damina ina ajiye nawa a gwangwani mai murfin roba, in na buɗe kwali na ɗebi na yini kawai. Sandar da ta sha laima tana tofar da tartsatsi tana barin ƙananan ramuka a layi, kuma rami ɗaya ya isa ya kai ruwa ƙasa. In ta riga ta sha, a gasa ta a zafin da kamfanin ya rubuta a kwali. Shanya ta a rana ba ya fitar da ruwan da ya shiga ɓawonta.

Mataki na uku: sharar fuska

A gurje wurin har ya yi fari sol, a zarce iyakar waldar da kamar inci ɗaya. Tsohuwar riga mai tauri, in akwai, a cire ta duka. Duk ramin da tsatsa ta ci a bi shi har gindi, kada a rufe baƙin ɗigo da walda ana cewa wuta za ta ƙone shi. Kaifin kusurwa a dakushe shi ya zama da'ira, saboda kusurwa na saurin narkewa ta ƙara sirki. A goge maiƙo da tina, a bari ya bushe sarai, a kawar da gwangwanin daga wurin kafin a kunna wuta.

In shaf ne za a mayar da shi injin sassaƙa bayan walda, akwai abin da ake mantawa. Dole a fara rage kaurinsa a wurin, domin in an gama sassaƙa fuskar da ta rage ta faɗo a cikin hawa na biyu. In ba a rage ba, mai sassaƙa zai kwashe duk 316L ɗin da ka sha wahalar ɗorawa ya bar maka sirkakken hawa na farko. Ina so a bar aƙalla milimita 3 na riga bayan sassaƙa. Shaf siriri da bai kai inci ɗaya ba, irin na ƙananan injinan ban ruwa, ra'ayina a sa masa hannun riga na sitenles ko a sake sabo, rage shi da zafin walda za su raunana shi.

Mataki na huɗu: ɗumi da ɗaurewa

Baƙin ƙarfe mai ƙarancin kabon, in bai yi kauri ba, ɗan ɗumin da zai kori raɓa ya isa, musamman da sanyin safiyar hunturu. Mai kabon da yawa ko mai kauri sosai a kai shi digiri 150 zuwa 200 kafin hawa na farko, a ɗumama ko'ina daidai, ba gefe ɗaya ba.

Sitenles na buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe da kusan rabi, in ya huce kuma ya tsuke ya ja abin da ke ƙarƙashinsa. Faranti zai lanƙwashe kamar kwale-kwale in ba ka ɗaure shi a kan tebur mai kauri ba. Shaf kuma a ɗora shi a kan abin da zai riƙa juyawa, a yi layi ɗaya a tsawonsa, a juya a yi na gaba a ɗaya gefen da ke fuskantarsa, haka har a zagaye.

Mataki na biyar: hawa na farko

Duk hikimar wannan hawa ita ce ka narka sanda da yawa, ka narka ƙarfen ƙasa kaɗan, amma su kama juna. Mu da muka saba da haɗa ƙofa da taga hannunmu ya saba neman wuta ta shiga ciki. A nan akasin haka ake so, kuma sai ka yi da gaske kafin hannu ya yarda.

Sanda geji 12, wato milimita 2.5, tana so wajen amfiya 50 zuwa 75. Geji 10, milimita 3.2, wajen 80 zuwa 110. Ka fara daga ƙasan abin da kwali ya ce, ka ƙara kaɗan-kaɗan har layin ya kwanta ba ya tsayawa kamar igiya. In injin DC ne, sanda a kan wayar fositif. In wutar gari na hawa da sauka, gara ka jira ko ka tayar da janareto mai ƙarfi, domin layin da aka yi da wuta mai rawa rabinsa bai kama ba, rabinsa ya nutse.

Ka riƙe bakin sanda kusa, tazarar kada ta wuce kaurin ƙarfen sandar. Doguwar tazara na ƙone kuromiyam a iska. Ka ja layi miƙaƙƙe, ban da lilo mai faɗi. Layi na biyu shi ne sirrin: kada ka nufi baƙin ƙarfe da bakin sanda, ka nufi gefen layin da ka riga ka yi, ta yadda sabon zai hau kusan rabin tsohon. Ta haka yawancin zafin na faɗawa a kan sitenles, ɗan kaɗan ne ke taɓa ƙasa, sirki ya ragu, kuma ba a barin kwari tsakanin layuka inda ɓawo, wato dattin da ke daskarewa a kan layin walda, zai maƙale. Na taɓa tsayawa a kan wani yarona yana wannan aiki, na ga yana barin tazara don ya gama da wuri. Na ce, "Kai, tsaya. Ɗaga gilashin ka duba tsakanin nan." Ya duba ya ce, "Maigida, ai hawa na biyu zai rufe." Na ba shi giranda ya buɗe wurin, sai ga baƙin zaren ɓawo kwance a ciki tun daga farko har ƙarshe. Bai sake ba.

Bayan kowane layi a kakkaɓe ɓawo a goge da buroshin waya na sitenles. Ka kiyaye idonka, ɓawon sitenles na tsalle da kansa yayin hucewa. In ka zo ƙarshen layi kada ka fizge sanda, ka ɗan dakata ka cike ramin, in ba haka ba zai tsage kamar tauraro. Sandar sitenles na saurin yin ja tun ba ta ƙare ba. In ta yi ja ɓawonta ya lalace, a yar da guntun, kuma alama ce wutarka ta yi yawa.

Mataki na shida: haƙuri tsakanin layuka, sannan hawa na sama

In sitenles ya daɗe a zafin da ke tsakanin digiri 450 da 850, kabon ɗin cikinsa na kama kuromiyam a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, ya bar siraran hanyoyi da ba su da kariya. Daga waje lafiya lau, amma ruwan gishiri zai bi waɗannan hanyoyi. Dalilin sayen sanda mai L ke nan, kuma dalilin da ya sa ba a tara zafi. Bayan hawa na farko, kada ka ɗora sabon layi sai wurin ya sauko ƙasa da digiri 150. In kana da ma'aunin zafi mai kama da bindiga, madalla. In babu, ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a gefe, nesa da layin: in ya dunƙule yana gudu, da saura. In ya kwanta ya yi cuu ya bushe a hankali, ci gaba. Aiki biyu nake ajiyewa a gabana, ina yin wannan wancan na hucewa.

Hawa na biyu na 316L ko 308L a yi shi kamar na farko, in da hali a gicciye shi a kan na ƙasa.

In rigar kabayid ɗin kuromiyam ce za ta hau kan shimfiɗar 309L, kada ta wuce hawa biyu, in ta yi kauri ɓallewa take. Ba a dukanta da guduma don ta saki jiki. A tabbata shimfiɗar ta fi ta faɗi ta kowane gefe, kada ko'ina rigar mai tauri ta taɓa baƙin ƙarfe kai tsaye.

Mai tongistin kuwa hawa ɗaya ake yi, kuma tana son sanyin hannu fiye da kowa. Ƙwayar tongistin kabayid ta kusa ninka ƙarfe biyu a nauyi, wajen giram 15.6 a inda guntun ƙarfe mai girma ɗaya da ita ke da 7.85. In narkin ya daɗe yana ruwa sai ƙwayoyin su nutse ƙasa su bar sama fayau. In zafi ya yi yawa kuma su narke su shige cikin simintin, ya yi gautsi, tsakuwar da ka saya da tsada ta ɓace. Shi ya sa irin mai simintin nikel ta fi kyau da wutar gas. Simintin na narkewa a wajen digiri 1,000 zuwa 1,100, ƙasa da inda baƙin ƙarfe ke narkewa, don haka za ka ɗumama fuskar har ta yi gumi kawai, ka bar sandar ta malale a kai ba tare da ƙasan ya narke ba. Sirki kusan babu. In ka gama ka shafa, ya kamata ka ji ƙwayoyin a yatsa kamar takardar yashi mai kaushi.

Da an gama, a binne kayan a busasshen yashi ko toka su huce a hankali, musamman mai kabon da yawa. Kada a watsa ruwa ko mai kaya na tsaye yana duba agogo.

Maganar hayaƙi: hayaƙin waldar sitenles na ɗauke da nau'in kuromiyam mai cutar da huhu, kuma a 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. A yi aikin a fili, iska na kaɗawa daga gefe tana ɗauke hayaƙin daga fuska, a sa takunkumin da aka yi don hayaƙin walda. Ƙyallen da yara ke ɗaurawa a hanci ba ya tare komai. Ina roƙon iyayen gida su saya wa yaransu.

Mataki na bakwai: wanki

Rigar sitenles mai kyau na iya yin tsatsa cikin kwana biyu saboda dutsen giranda kawai. In ka gurje ta da faifan da ya taɓa cin baƙin ƙarfe, ko buroshin waya na yau da kullum, ka dasa mata ƙurar ƙarfe, kowace ƙwaya kuma za ta zama jan ɗigo. A ware faifai da buroshi na sitenles, a shafa musu fenti don a gane su. In wani na yankan ƙarfe kusa, a rufe aikin.

Launin nan na shuɗi da ruwan ƙasa da ke fitowa a gefen layi, wasu na sha'awarsa, amma ƙarƙashinsa kuromiyam ya ragu. A goge shi har fari. Akwai man wanke sitenles da ake sayarwa, yana aiki sosai amma yana ɗauke da asid mai cin nama har ƙashi, ba na ba yaro shi. Abin da nake yi bayan gugar shi ne in jiƙa garin tsamin nan sitirik asid, giram 100 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, in shafe fuskar ta zauna a jiƙe kamar minti 30, in ɗauraye da ruwa mai tsabta, in bar ta ta sha iska kwana ɗaya. Yana cinye ƙurar ƙarfe ya bar fatar kariya ta tofo. Ruwan batir da bilic kada su kusanci wurin.

Sai bakin iyaka, inda riga ta ƙare baƙin ƙarfe ya fara. In ruwa ya kwanta a kan su biyun, sun zama kamar batir, kuma baƙin ƙarfen ne ke cinyewa, da sauri fiye da in shi kaɗai ne. Don haka a kai rigar har ta wuce inda ruwa ke tsayawa, sannan a yi wa sauran jikin fenti mai kyau, irin ifoksi, fentin ya hau kan sitenles ɗin da kamar inci biyu ya rufe iyakar.

Mataki na takwas: gwaji

Ka duba da ido a cikin rana tukuna. A hawan sitenles ba a yarda da tsaga ko rami ko guda ba. In kana da gwangwanayen feshin gano tsaga, mai ja da mai fari, ka yi amfani da su a kan shimfiɗar kafin ka ɗora riga mai tauri, don bayan ta hau ba ka sake ganin ƙasa. In tanki ne, tsohuwar dabarar nan na nan: alli jiƙaƙƙe a gefe ɗaya ya bushe, kananzir a ɗaya gefen, duk inda ya ratsa allin zai yi duhu. Mayen ƙarfe ba ya gaya maka komai a nan, zai kama ƙarfen ƙasa ta cikin rigar.

Gwaji mafi sauƙi na ƙurar ƙarfe shi ne ka shimfiɗa farin tsumma jiƙaƙƙe a kai ya kwana. In da safe ka ga jajayen ɗigo, a sake wanki.

Wanda na fi so kowane mai shago ya yi ko sau ɗaya shi ne wannan. Yanko guntaye uku daga ƙarfe ɗaya. Na farko ka yi masa riga mai tauri kai tsaye. Na biyu 308L hawa ɗaya da wuta mai yawa. Na uku 309L sannan 316L yadda na bayyana. Ka shafe bayansu da gefunansu da fenti, fuskar walda kawai ta rage. Ka zuba ledar fiya wata biyu a roba, lita ɗaya ke nan, ka narka gishiri giram 35, wajen cokalin cin abinci biyu a shafe, wanda shi ne kimanin gishirin ruwan teku. Kowane guntu da robarsa. Ka tsoma su da dare, ka fitar da su su sha iska da rana, har mako biyu. Jiƙewa da bushewa ya fi zama cikin ruwa cin ƙarfe, kuma shi ya fi kama da rayuwar injin taki. In taki ne matsalar mai kayan, ka jiƙa takin nasa a madadin gishiri. Wannan ba zai gaya maka shekara nawa rigar za ta yi ba, amma zai nuna maka wacce ta fi wacce, kuma za ka ga jan ruwa na tsattsafowa daga tsagun guntu na farko da idonka. In aikin babba ne na kamfani da ke son a auna tauri ko a yanka a duba sirki da madubin ƙara girma, sai a nemi sashen injiniyancin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a ji yadda za a yi.

Guntayen nan uku suna nan a kan tagar shagona. Duk wanda ya ce 309L ta yi tsada, su nake miƙa masa ya juya da hannunsa. In zai tafi da kayansa kuma ina gaya masa ya riƙa wanke injin da ruwa mai daɗi duk ranar da aka tashi aiki, kada taki ko laka su kwana a kai, domin ƙarƙashin dasƙararren datti iska ba ta isa, fatar kariya ba ta tofowa, kuma daga nan ko 316L ke fara zanzana. Ya dawo da shi bayan damina a duba bakin iyaka a sabunta fenti.